Tauraro Mai Malfa

A buhun 'yan gwangwan na tsinto ta,
can bayan Ƙofar Ruwa,
tsakanin mataccen rediyo da kan fanka:
'yar kyamarar kwamfuta, ido ɗaya, girman goriba,
wayarta a kanannaɗe kamar ta yi fushi.
Yaron ya ce ɗari biyar. Na taya ɗari biyu.
Ya ce, "Baba, kawo. Ai ko kyauta ba mai so."

Na san irinta.
Lokacin da nake da kafe a Titin Gidan Zu
guda shida gare ni, kowace a goshin allonta.
Mata su zo su zauna, su gyara mayafi,
su ɗaga wa maigida hannu yana Jidda,
hoto na tsinkewa,
murya na isowa bayan baki ya rufe.
Da wayar hannu ta shigo gari
har kujerun na sayar.

Na kwance ta a kan tabarma,
na zare gilashin idon da bakin almakashi,
na bar mata tsurar ƙwayar.
Bututun famfo kamu biyu,
madubin hangen nesa da wata makaranta ta yasar,
salatif, roba, ƙusa uku,
sai ƙafar keken ɗinkin gyatumata
da ta shekara tara ba ta ɗinka komai ba.

Duk Gwammaja addu'a ake a kawo wuta.
Ni kaɗai ke saman soro
ina roƙon a ɗauke.

Aka ɗauke.
Unguwa ta yi tsaki baki ɗaya,
sama kuwa ta buɗe kamar an yaye zane.
Ga Kaza da 'ya'yanta sun fito kiwo,
ga Dala a tsugune, baƙi ƙirin.
Na jira janaretan Tasi'u mai shayi ya sha mansa ya mutu,
don ko tarinsa girgiza min hoto yake.

Barira ce mai riƙe kwamfuta,
batirin minti goma sha takwas yake yi, in ya ga dama.
Sauro na cin ƙafarmu, ba halin mari.
Na laluba, na wuce, na dawo,
sai ga wani ɗigo, rawaya-rawaya,
yana rawa kamar tsaba a ruwan zafi.
"Baba, gudu yake!"
Ba shi ke gudu ba, 'yata.
Mu ne, da soron, da Kano duka, muke juyawa.

Hoto dubu muka ɗauka,
babu na kirki ko ɗaya.
Amma aikin irin na sheƙa ne:
a zubar da ƙaiƙayi, a tara tsaba,
a ɗora dishi-dishi a kan dishi-dishi
har abin da ke ɓoye ya gaji ya fito.

Zuhal.
Da zobensa.

Iya Tabawa ta ji ihunmu ta katanga.
Shekara saba'in da wani abu,
ta hawo tsani tana zagin gwiwarta.
Ta kai fuska dab da allo, ta daɗe.
"Wannan ai malfa ya sa.
Manomi ne?"

Na ce mata hasken nan da take gani
tun kafin a kira Isha ya baro gida,
sai yanzu ya iso.
Ta ce, "Allah sarki. Kamar na kafenka."
Na manta ita ma tana zuwa,
duk Juma'a, saboda Ɗanliti,
wanda ya tafi bai dawo ba.

Ta gyara mayafi.
Ta ɗaga wa allon hannu, a hankali,
ta tsaya jiran amsa.

Batir ya mutu.
Babu wanda ya motsa a cikinmu.
Can ƙasa wani yaro ya yi kururuwa, an kawo wuta,
taurari suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya,
Iya kuwa hannunta na sama.