Kuɗin Takalmi

Tasalla ta dawo daga lakwal da giwa a cikin littafi,
ta shafe ta da shuɗi, wai launin toka ya ƙare.
"Kaka, da gaske hancinta hannu ne?"
Na ce da gaske.
"Ka taɓa gani?"
Na yi shiru har shayina ya huce.

Na gani, yarinya.
Ina ɗan shekara tara, kudu da Madarunfa,
cikin kurmin Baban Rafi,
ina riƙe wa babana Hankurau ƙahon dafi.
Uwa ce. Tana karya reshen marke
tana miƙa wa wani ɗan abu a ƙarƙashin cikinta
da bai gama sanin amfanin hancinsa ba.
Baba ya ɗura sango a bindiga.
Ban rufe ido ba, kada a ce ɗan mahalbi matsoraci.

Kwana uku muna bin jini a kan ganye.
Inda ta faɗi, ƙauye biyu suka zo da wuƙa,
aka yi kiɗa, aka yi wa Baba kirari.
Ɗan nan kuwa yana can gefen fadama, tsaye.
Ba wanda ya yi zancensa.
Ni ma sai yau.

Haure biyu suka tafi a kan jaki,
suka dawo kwanon rufi.
Ɗaga kanki.
Shi ne wannan.

Sun ce sawun giwa ya taka na raƙumi.
Je ki dajin yanzu ki nemo mini sawun:
sai na amalanken itace da tayar babur.

Ran Juma'a, a ƙofar Alhaji Na-Allah mai gyaɗa,
wani yaro Jariri, ɗan gandun daji, ya tashi da takarda.
Ya ce sauran giwayen suna can yamma, bakin kogi,
masu gadinsu na kwana a ƙaya,
mahalban yanzu ba su san dafi ba, harsashi suke zubawa kamar tsaba.
Ban ji rabin lissafinsa ba,
ƙafarsa nake kallo:
babban yatsa ya leƙo ta bakin takalmi.

Alhaji ya ce babur biyu daga gare shi.
Wata ƙungiya daga nesa ta aiko da na'urar gani da dare.
Aka tafa.
Ni na koma gida, na kwance jar akuyar nan mai haihuwar tagwaye,
na kai ta kasuwa,
jikka ashirin da uku, dillali ya ci ɗaya.

Jariri ya ce, "Baba, wane suna zan rubuta?"
Na ce rubuta Hankurau.
"Yana ina?"
Na ce yana inda ba a sayen takalmi.

Ban ce na biya ba.
Akuya ba ta tada giwa,
kuma ban san ko wanda zai sa takalmin zai yi amana ba.
Amma jiya da dare hadari ya sauko daga gabas,
ruwa ya dinga taka kwanon nan, dim, dim,
kina barci da littafinki a ƙirji,
na zauna ina saurare,
ban toshe kunne ba
karo na farko cikin shekara sittin.