Kunne Ya Girmi Takarda

Ƙarfe shida Nibaldo ya bugo waya:
"Mai jitar bes ɗinmu ya karye a hannu,
ya zame a matakalar tudun Barón.
Kana da farar riga? Taho da ita."
Na ce, waƙoƙin fa? Yaushe za mu gwada?
Ya yi dariya irin ta wanda aka tambaya
nawa ake sayar da iskar teku.

Mashayar tana bakin tashar Valparaíso,
inda jirage ke kwana da fitilu a kunne.
Ƙamshin soyayyen kifi, ɗanɗanon gishiri a leɓe,
'yan dako sun cika tebura,
hannuwansu sun fi ƙarfin kofunan.
Mu huɗu a kan dandamalin da bai kai tabarma biyu ba,
muka gaisa da ka, muna warware wayoyi.

Fresia mai waƙa ta haura sittin,
jan baki, takalmin da ya sha ɗinki.
Ba ta gaya min sunan waƙa ba.
Yatsu uku ta nuna min ta bayan ƙugu,
Hermógenes ya haɗa sandunansa sau huɗu,
shi ke nan, muka faɗa ruwa.

Baitin farko na bi shi a ɗarare,
kamar baƙo a ɗakin wani cikin duhu,
yana laluben bango kada ya ture kujera.
Idona a kan hannun hagun Nibaldo,
kunnena a wuyan Fresia:
in ta ja dogon numfashi, hawa za mu yi,
in ta runtse ido, gida muka nufa.

A waƙa ta biyar na kauce.
Kowa ya yi dama, ni na yi hagu,
sautin ya fito kamar ƙofa mai tsatsa.
Hermógenes bai ko ɗago ba,
ta gefen baki ya ce, "Maimaita."
Na maimaita. Na sake maimaitawa.
A karo na uku Nibaldo ya biyo ni,
kuskuren ya sami riga da hula,
har wani a baya ya yi mana fito.

Wajen sha biyu wani tsoho ya matso,
hularsa a hannu, yana murza bakinta.
Akwai waƙar da matarsa ke yi in tana shanya,
bana shekara tara da rasuwarta.
Sunan waƙar? Ya manta.
Wanda ya rera ta? Bai taɓa sani ba.
Sai ya yi mana ita da hanci,
a karkace, rabinta tari.

Muka tsaya kamar masunta a kan igiya ɗaya.
Nibaldo ya taɓa tsirkiya, tsohon ya girgiza kai.
Ya sauko kaɗan. A'a.
Na sa babban yatsa can ƙasa, a hankali,
sai na ga gemunsa ya yi rawa.
Nan ne.
Fresia ba ta san kalma ko ɗaya ba,
ta ɗebo nata: iska, igiya, farin zane, rana.
Ya rungume hular, ya yi ta juyi shi kaɗai,
'yan dako suka janye ƙafafu suka ba shi fili.

Ƙarfe uku aka raba kuɗi a bayan kicin,
nawa bai kai na tasi ba.
Na hau tudu a ƙafa, jita a gadon baya,
karnuka biyu suna raka ni.
Na nemi waƙar tsohon a kaina, babu ita.
Sai da na tsaya hutu a matakala ta casa'in
na ga yatsuna suna buga ta a jikin ƙarfen dogarawa.

Nibaldo ya ce in dawo Asabar.
Hannun wancan sai ya yi wata biyu.
Ban sake tambayar waƙoƙi ba,
rigar kawai na jiƙa.