Harsashi Arba'in da Uku

Ranar kasuwar Aujara Yaya Mati ya shigo da su,
ɗaure a bayan keke cikin buhun taki:
bidiyo na hannu, talabijin mai ƙatuwar ƙeya,
da kaset uku da rana ta lashe fuskokin bangonsu.
Muka yi karo-karon kuɗin fetur.
Janareta ya yi tari sau biyu, ya kama.

Yaren mutanen ba mu ji,
ba mu kuma nema ba.
Wa ke tambayar kalangu fassara?

Ga shi nan ya turo ƙofa,
kwat har ƙwauri, baƙin tabarau da tsakar dare,
bindiga a dama, 'yar'uwarta a hagu.
Sai duniya ta rage gudu.
Ya yi tsalle, iska ta tallafe shi kamar ta san uwarsa,
gilashi na zuba tamkar ana sheƙar gero,
kwanson harsashi na faɗuwa ɗai-ɗai,
kowanne da tasa muryar.
Mutum goma sha sun kwanta,
shi ko wuyan rigarsa bai karkace ba.
Ya gyara shi duk da haka.
Wannan gyaran ne ya kashe mu.

Washegari a fadama Talle ya bar ruwa na cin kunya,
ya karyo kara biyu,
ya faɗa cikin tumatirin Alhaji Buba a hankali, a hankali,
yana yi wa kansa kiɗa da baki.
Marin da ya sha, shi kam da sauri ya zo.
Ni tabarau na saya.
Na taka kashin jaki sau uku kafin in kai masallaci.

Baba Nomau, sarkin baka, ba ya dariya.
Yana zaune kan buzunsa yana lanƙwasa yatsu.
"Arba'in da uku," in ji shi,
"bindiga ɗaya, babu ɗuri.
Wannan ba bindiga ba ce, rijiya ce.
Tawa sai na auna albarushi,
na cusa tsumma, na daka da sanda,
kafin in ɗaga kai gada ta kai Gujungu.
Ƙarya suke yi muku, yara."

Amma kullum shi ke riga kowa zuwa zaure.
In an kai wurin tsallen nan
sai ya miƙa sandarsa ya zunguri Mati:
"Kai, tariyo mana baya."
Matattu su tashi, gilashi ya koma tagarsa,
harsashi ya koma inda ya fito.
Sai da wurin ya sha tariya
har ya riƙa yayyafi a fuskar talabijin.

Shekarar da ɓarayi suka zo wa shanun Ardo Jaɓɓi
na ji ta gaske, daga bayan danga.
Tau. Shiru. Tau.
Sau biyu kacal, kamar an fasa busasshen itace.
Babu kiɗa.
Karnuka kawai, da wata mace tana kiran suna.
Wanda aka samu bai faɗi a hankali ba,
takalminsa ɗaya ma a kududdufi aka tsinto.

Mako guda ba a ja igiyar janareta ba.

Daren Laraba sai ga Baba Nomau da buzunsa,
da kwalbar fetur da ya saya da kuɗinsa.
Bai ƙirga komai ba ranar.
Ya kalli mai kwat yana shawagi tsakanin wuta da wuta,
kyakkyawa, maƙaryaci, ko ƙura babu a jikinsa.
Da aka kai wurin, bai zunguri kowa ba,
muryarsa ce kawai ta yi ƙasa:
"Mati, tashe su."