Talata a Ofishin Magajin Gari

Mu bakwai muka taso daga Bagalam,
takardarmu cikin leda saboda ruwa.
Ranar ibadarmu daban da ta unguwa,
amma kwatar da ta toshe
ba ta tambayi kowa alƙiblarsa ba.

Tsohuwa Rifkatu ta ɗora sandarta kan tebur:
"Kansila, da wannan yatsa na dangwala maka.
Tawada ta fita tuntuni,
ruwa bai fita ɗakina ba."

Ya dubi agogo.
Ya dubi Nomau mahauci,
wanda ya rufe rumfa ya rako mu,
carbi na leƙe daga aljihunsa.

Ya ce mu dawo Alhamis.

Mun bar masa takardar.
Ledar kam mun taho da abarmu,
Alhamis ma damina ce.