Ɓawon Gujiya

A Jiratawa, cikin rumfar leda,
buhu goma sha biyu a jere, babu ƙasa ko cikin cokali:
dakakken ɓawon gujiya, gawayi, ɗan yashin Gulbi.
Tumatir na tsaye a ciki
kamar baƙon da bai gama yarda da masauki ba.

Ni Barira, aikina bin sawun ɗigo.
Da asuba tiyo ya tsiyaya lita guda,
na duba agogo, na tara kwano a ƙarƙashi.
Minti tara, ya ɓullo daga buhu na uku.
Na huɗu ya riƙe nasa har hantsi, marowaci.

Na rubuta: nawa ɓawo ke sha,
nawa yashi ke saki,
nawa rana ke karɓa haraji.
Na'ura ta zana mini hanya shuɗiya, miƙaƙƙiya.
Ruwa kuwa bai karanta zanen ba.
Ya bi gefen leda ya sulale,
ya bar tsakiya da ƙishi,
saiwa na lalube a duhu.

Baba Mantau ya shigo da la'asar, laka har ƙwauri.
Ya cusa yatsa a buhu, ya shinshina.
"Ɓawonki sabo ne, da sauran maiƙo,
ruwa na ƙyamarsa.
Jiƙa shi kwana uku tukuna."

Daren nan na ƙara harafi ɗaya a lissafin.
Ban san sunansa a boko ba,
sai na sa masa M.

Jibi, gata, mu ga ko buhu na uku zai yarda.