Mai Gyaran Agogo a Bakin Gulbi

Shekara talatin da ɗaya ina duƙe
kan hanjin agogo, a rumfata ta babbar kasuwa,
har salula ta zo ta kwashe mani mutane,
ido kuma ya ce ya gaji da abin kusa.
Na nesa ya bar mani. To, madalla.

Ɗan Jimma, ɗan ƙanwata mai jan tirela zuwa Kwatano,
ya kawo mani madubin hange daga gwanjo,
ido ɗaya garau, ɗaya da yana kamar nawa.
Tun ranar, da an sallame asuba
sai in hau keke in bi hanyar Sumarana,
in jingina da gawo, in jira a buɗe kasuwar sama.

Balbela ke fara zuwa. Ƴar kamasho ce:
farar riga ba ɗigon taɓo,
kullum tana bayan mai ƙaho,
abin da ƙafar wani ta tayar, shi take ci.

Zalɓe alƙali ne mai ɗage shari'a.
Ya tsaya, ya tsaya, ya ƙara tsayawa,
har kifi ya ɗauka an manta da ƙararsa.
Sai hukunci.

Hankaka kuwa na san shi tun yana duwan.
Farin ƙirji, tafiyar mai hatimi,
ba kayan da zai wuce bai leƙa ba,
ko ɓawon gyaɗa ne sai ya juya shi,
ya dube ni a karkace: ina takardunka?

Cilakowa, baki ya fi ƙarfin jiki.
Tashinta tashin tsohuwar fijo ne a hanyar Dakoro,
ta hau, ta faɗa, ta hau,
amma ban taɓa ganin an tura ta ba.

Kurciya ce ban iya yi wa dariya.
Magana ɗaya take maimaitawa tun safe,
kamar Tsahara ta unguwar Bagalam
da ke kawo mani agogon marigayi mijinta duk Juma'a.
Lafiyarsa ƙalau. Ni na sani, ita ma ta sani.
Sai in buɗe, in hura, in rufe,
ta ba ni dala biyar, ta kara shi a kunne.

Akwai shafin da na bari fari a littafina.
Na ungulu ne.
Da ƙuruciyata sun fi mahauta yawa a mayanka,
muna jifarsu, muna yi masu waƙar sanƙo.
Bana shekara nawa ban ga ko ɗaya ba?
Ba wanda ya yi masu rakiya,
ba wanda ya ce a gaida gida.

Jiya wani yaro, Nomau, ya tsaya kaina da danƙo a wuya.
Ya ce, Baba, me kake harbi da wannan?
Na ce zo ka gani.
Na ɗora masa idon mai kyau kan carki
yana yi wa bijimi aski a doro
yana karɓar ladansa da jini.
Yaron ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, ashe idonsa ja ne.
Dutsen da ke hannunsa ban san sa'ad da ya faɗi ba.

Yau mu biyu ne a gindin gawo.
Ya ce zalɓe ba alƙali ba ne, malaminsu ne na lakwal,
mun yi gardama har rana ta taɓa ruwa.

Shamuwa muke jira.
Manoman Jiratawa sun fara duban gabas,
ni ma na ja layi a littafi, na bar wurin kwanan wata.
Ita ce agogo ɗaya a duk Maraɗi
da ban taɓa buɗe bayansa ba,
kuma ko ta makara
ba mai kawo mani ita gyara.