Kurmin Tungar Maje

Mun sauka mota a Dakingari da hantsi,
ɗan kabu-kabu ya kai mu bakin fadama,
ya ce daga nan sai ƙafa,
ruwan daren jiya ya cinye hanya.

Ni da ɗiyata Kuluwa, shekararta tara,
haihuwar Birnin Kebbi, takalminta fari fat,
ba ta taɓa ganin itacen da ba a dasa ba,
ba ta bambance kurna da magarya.

Na ce mata kurmin nan
na san shi kamar yunwar cikina.
Ba shi da girma: in ka yi kira daga gabas
mai kiwo a yamma zai gane murya.

Ta arewa burtali ne, na shanun Ruga,
ta kudu 'yar siririya, ta masu itace,
akwai wadda ta ratsa gindin maje,
ta lanƙwasa a wurin suri,
ta faɗa kan tsohuwar rijiya.

Ita muka ɗauka.
Raɓa ta jiƙe mana ƙafar wando,
fakara ta tashi fir daga cikin sabara,
Kuluwa ta ƙanƙame ni, sannan ta saki,
ta fashe da dariya.

Ta ce, "Baba, wannan fa?" Na ce marke.
"Wannan?" Kalgo. "Wancan mai duhu?"
Na ɗaga kai na daɗe ina kallo,
sunan ya zo bakin harshe ya koma.
Na ce taura. Ashe ƙirya.

Muka wuce surin, ko wani suri,
muka ga tsada ta nuna, muka tsinka,
tsami ya sa ta runtse ido ɗaya.
Na nemi lanƙwasar, babu.
Geza ta rufe, ƙaya ta kama riga,
gabas ta koma mini baya.

Sau biyu muna dawowa gun kututture guda
mai ƙadandoniya kwance a kai.
Yarinyar ba ta ce komai ba,
shirunta ya fi magana ba ni kunya.

Can sai muka ji tari.
Tsohuwa duƙe tana tsintar kaɗe,
ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu,
ta dube ni sama da ƙasa:
"Kai ɗan Nomau na? Mi kaka biɗa
cikin sarƙaƙiya?"

Inna Ige ce. Ina tsammanin ta rasu.
Na ce rijiya nake nema.
Ta ce, "Tun da anka gina famfo gari
wa ka zuwa can?
Hanya ciyawa ta, ɗana,
ƙafa ka hana ta tsira.
Taku ta mutu shekara goma,
ba wanda ya yi mata ta'aziyya."

Ta nuna da haɓa: ku bi sawun jaki,
kuka a dama, ku bar ta,
in kun ji ƙamshin ƙasa mai sanyi
kun kusa tsamiya.

Ta zaɓi kaɗe uku masu laushi
ta sa wa Kuluwa a hannu,
ta koma duƙe, kamar ba mu zo ba,
tana cika ƙwarya.

Rijiyar na nan, bakinta ya zube,
kwaɗi sun gaje ta, baure ya tsiro a ciki.
Na leƙa, ban ga fuskata ba,
ganye ya rufe ruwan.
Can sama, ba ta fasa kiranta ba,
kurciya.

Da za mu koma Kuluwa ta shiga gaba,
takalmin ya zama kalar laka,
tana ƙirga alamu da yatsa:
kuka, suri, sawun jaki, kalgo.
Ƙwallon kaɗe ɗaya na cikin aljihunta.
Ta ce, "Zai fito a bayan gidanmu?"
Na ce ban sani ba, mu gwada.
A ranar, nan na fara faɗin gaskiya.